Hoto Ɗaya a Kudancin Jidda

Shekara goma sha ɗaya na yi aiki a shagon hoto a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Aikina shara ne, da goge gilashi, da riƙe fitila in an fita ɗaukar biki, da tuƙa mota. Kyamara ba ta cikin aikina, kuma ban nema ba.

Mai shagon dattijo ne Bahijaze, gajere, mai faɗa da safe da kyauta da yamma. Kafin in same shi na yi dako, na kwaɓa siminti, na kwana a ƙarƙashin gada, na yi shekaru ba takarda tun bayan da na sauke farali na ƙi komawa Nijar. Shi ya zama kafilina, ya tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar zama. Ina ce masa ya ammi, wato baffa, kamar yadda ake ce wa dattijo a can. Shi kuma Haji yake ce mini.

Abincinsa hoton fasfo ne da na ango da amarya. Abin da yake so kuwa tsuntsaye ne. Duk Juma'ar sanyi, da mun sallame asuba, sai mu ɗauki akori-kurarsa mu bi hanyar kudu, mu wuce masana'antu, mu yi ta tafiya har kwalta ta rabu da mu wajen Shu'aiba. Can babu gini. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, fara fat da gishiri, sai bukkokin masunta na katako da kwano, sai itacen shura da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, raƙuma na shiga har gwiwa suna cin ganyensa. Teku a wurin yakan shigo cikin ƙasa ya kwanta kamar tabki, ba zurfi, ba igiya. Da hantsi ruwan kore ne kusa, shuɗi can nesa. Ƙananan kaguwa sun cika bakin taɓo, da ka yi taku sai su ɓace gaba ɗaya. Akwai zalɓe, akwai kwasakwasa, akwai wani shaho mai faɗowa ruwa ya tashi da kifi a ƙafa. Mai shagon yana da takardar izinin ɗaukar hoto daga masu gadin gaɓa, sun san motarmu, wani lokaci ma su sha shayinmu. Mu karya da gurasa da wake, mu yi Juma'a a masallacin masunta, mu dawo da la'asar. Ban taɓa samun ranakun da suka fi waɗannan kwanciyar rai ba.

Duk tsuntsayen nan ya ɗauke su hoto, ban da guda ɗaya. Larabawa na ce masa nuham. Dogon wuya ne da shi da dogayen ƙafafu, jikinsa fari da ja-ja, bakinsa a lanƙwashe. Sukan zo da yawa lokacin sanyi su tsaya a tsakiyar tabkin, zafi na shigowa su tafi. Ba sa yarda da mutum. Ka yi taku ɗaya su yi biyu. Hotunansu da yake da su duk ɗigo-ɗigo ne a nesa, kamar an watsa shinkafa a kan tabarma.

A shekarar da nake magana ciwon sukari ya taɓa masa ido. Likita ya gaya masa gaskiya, abin ba ya komawa baya. Tsakiyar ganinsa ta fara duhu, sai ta gefe yake kallon mutum. A hanya ya gaya mini, ba tare da ya juyo ba, cewa sanyin baɗi ba zai ga komai ba. Ya ce shekara talatin yana bin nuham, yana so ya ga idonsa a takarda sau ɗaya kafin nasa ya rufe.

Na bari sai da muka isa. Sannan na gaya masa cewa ubana maharbi ne, kuma a wajenmu ba a zuwa wa nama a siffar mutum. Akwai tsuntsu burtu, babba, baƙi, mai yawo a ƙasa. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana caccakar ƙasa. Barewa ta ɗaga kai ta ga burtu ne, ta ci gaba da kiwo. Na yi wannan tun ina ɗan shekara goma sha biyu.

Ya juya kai gefe don ya gan ni sosai. Ya ce shekara nawa ina share masa shago ban taɓa faɗin wannan ba. Na ce bai taɓa tambaya ba.

Na tsinci wata lanƙwasasshiyar saiwa da ruwa ya jefo, na kai gida a unguwar Bani Malik, na sassaƙe ta da wuƙa ta zama kai da wuyan nuham. Fenti muna da shi a shago, na zanen lambun da ake tsayar da ango a gabansa. Na shafa wa wuyan fari da ɗan ja, na baƙanta ƙarshen baki. Na ɗauki tsohon farin labulen hoton fasfo na jiƙa shi a ruwan zoɓo, ya fito daidai launin da nake so. Matata ta shigo ta tarar da ni duƙe a tsakar ɗaki da kan tsuntsu a goshi. Ta daɗe tana kallo. Ta ce in dai haka zan fita, in bari maƙwabta su tafi aiki tukuna, ita tana da sauran zama a unguwar.

Gwajin farko bai yi ba. Na shiga ruwa ina tafiyar burtu, ina sara da kai kamar mai tsintar fara. Tun daga nesa suka miƙe wuya gaba ɗaya, suka yi ta gunaguni irin na dinya, suka tashi. Tsohon yana bakin ruwa yana dariya har da tari. Ya ce ko shi da ba ya gani ya san wannan ba nuham ba ne, ɗan dako ne da labule.

Laifina ne, ban kalle su ba kafin in kwaikwaye su. Juma'a biyu na yi zaune a inuwar shura ina kallo kawai. Nuham ba ya sara. Yakan sunkuyar da kai har bakinsa ya juye cikin ruwa, ya riƙa kaɗa shi hagu da dama a hankali, yana tattaka taɓo da ƙafa. Ba ya tafiya kai tsaye. Kuma kullum akwai biyu ko uku da ba sa ci, wuyansu a sama, su ne masu gadi. In sun kalle ka, kada ka tsaya cak. Tsayawa ce ke tona mutum. Ka ci gaba da cin abincinka.

Juma'a ta huɗu na isa kusa da su har ina jin ƙarar ruwa a bakinsu. Na dawo na ce masa hanya ta samu.

Shirinmu shi ne ya biyo bayana a ƙarƙashin labulen. Taku ashirin bai yi ba gwiwarsa ta ƙi. Ya zauna daɓas a taɓo, ya ɗaga kyamara sama da hannu biyu kamar jariri. Na ciccibe shi na fitar. Ranar ko shayi bai sha ba har muka koma Jidda.

Sanyi kuwa yana ƙarewa. Masunta sun ce tsuntsayen sun fara raguwa.

Ranar Laraba ya kira ni bayan kanta ya ɗora mini kyamarar a hannu. Na ce ban iya ba, ko karatu ban yi ba. Ya ce ba karatu zan yi mata ba. Ya sa na auna taku goma sha biyu daga ƙofa zuwa bango, ya murɗa bakin kyamarar har ya daidaita a wannan nisan, ya naɗe shi da salatif don kada ya motsa. Ya nuna mini ramin leƙawa, da inda ake dannawa, da ɗan marikin da ake ja da babban yatsa bayan an danna. Na ce na gane. Kwana biyu ina auna taku goma sha biyu da ido a kan duk wanda ya shigo shagon.

Juma'ar ta zo ba iska. Mun isa rana ba ta gama fitowa ba, ruwan ya kwanta kamar faranti. Suna nan, ba su kai na da ba, amma suna nan. Na sa kyamarar a leda na rataya a ƙirji, na ɗaura kai, na rufa. Ya dafa kafaɗata ya ce yalla, maza, bismillah.

Ruwan da sanyi, taɓon yana riƙe ƙafa. Na bi ta gefe, rana a bayana, ina kaɗa kai. Bayana ya fara ciwo tun ban yi rabi ba, don rabona da irin wannan duƙawa shekara ashirin. Wani abu ya yanke ni a tafin ƙafa, ban duba ba. Masu gadi suka kalle ni, na ci gaba da kaɗa kai, suka ƙyale ni. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ga jajayen ƙafafu a gabana da gefena, na san na shiga cikinsu.

Na zare ledar a hankali. Wani babba yana gabana, na ƙiyasta taku goma sha huɗu. Na jira. Ya matso. Na jira. Ya ɗago kai, ruwa na zuba daga bakinsa, ya dube ni. Na riƙe numfashi na danna.

Bindigar ubana harbi ɗaya take yi. In ka harba, ko ka samu ko ka rasa, dajin ya watse, sai ka miƙe. Jikina abin da ya sani ke nan. Na danna, na jira su tashi. Ba wanda ya tashi. Babban ya mayar da kai ruwa ya ci gaba da abinsa. Ni kuwa ina nan a duƙe a tsakiyarsu. Wani ƙarami mai toka-toka ya zo ya wuce ta gabana har inuwarsa ta taɓa ni. Suna ta 'yan maganganunsu ƙasa-ƙasa. Na ga gashin da ke ƙarƙashin fiffikensu, ja sosai kamar garwashi. Na manta da marikin da ake ja. Gaskiya na manta da tsohon ma.

Sai da iska ta taso rana ta yi sama suka fara jan jiki zuwa zurfi. Na juyo.

Ya karɓi kyamarar tun ban fito daga ruwa ba. Ya kai ta gefen idonsa yana neman lambar da ke nuna adadin abin da aka ɗauka. Ya kasa gani, ya ce in duba. Lamba kam na sani. Na ce ɗaya.

"Ɗaya?"

"Ɗaya, ya ammi."

"Haji, fim ɗin nan talatin da shida yake ci. Awa biyu kana cikinsu. Me kake yi, gaisawa?"

"Na same shi. Me zan yi da na biyu?"

Ya zagi kyamarar, ya zagi gwiwarsa, ni bai zage ni ba. Daga baya ya ce in tsaya yadda nake, ya ƙarar da sauran fim ɗin a kaina, da labule da taɓo da jini a ƙafa, yana cewa ko ba komai ya samu hoton tsuntsu mafi wauta a Bahar Maliya.

Juma'ar da ta biyo mun koma. Tabkin fayau, sai zalɓe ɗaya. Sun tafi. Fim ɗin kuwa yana aljihunsa duk makon, ya ƙi kai shi wanki. Na gane tsoro yake ji. Ranar Asabar na ce ya ba ni, na kai wurin masu wankin hoto mai launi da kaina, na ce na farkon su yi shi babba.

Bayan kwana uku na karɓo. Ban buɗe ambulan a hanya ba. Na ajiye masa a kanta, na ɗauki tsintsiya.

Ya zaro shi ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Ya kawo shi dab da fuska, ya karkata kai, yana bin takardar da gefen ido daga ƙasa zuwa sama. Na leƙa ta bayansa. Tsuntsu uku ne. Na hagu babu kansa, na yanke. Na tsakiya kuwa ya fito har ɗigon ruwan da ke bakinsa, da idonsa, ƙarami, rawaya.

Ya daɗe a tsaye. Wani ya shigo neman hoton fasfo, tsohon ya ce masa ya dawo gobe.

"Ka karkatar da teku," in ji shi. "Ruwan duk zai zube ta dama."

Na ce a duƙe nake.

"Na gan shi, Haji. Yana kallona." Ya goge fuska da gefen rawaninsa. "Halas, shi ke nan."

Da yamma ya sa aka yi masa firam. Ya ce in buga ƙusa a bangon da ke fuskantar kujerarsa, in rataye shi a karkace, yadda tekun zai kwanta daidai. Na yi ta gyarawa yana cewa ƙara, rage, har ya ce ya isa. Firam ɗin ya zauna a gicciye, ruwan ciki ya miƙe.

Baɗi ganinsa ya tafi kamar yadda likita ya faɗa. Ya ci gaba da zuwa shago yana zama a kujerarsa, ɗansa na ɗaukar hoto, ni ina shara. Kusan duk mako sai wani baƙo ya ga firam a karkace ya miƙa hannu zai gyara. Tsohon yakan ji motsin tun kafin a taɓa, ya ce a bar shi, haka yake daidai.