Yatsun Tsohon Bature

Ni na fara cewa kuturu ne. Ba wanda ya sa ni.

Tafiyata ta biyu ke nan Guangzhou, ƙarshen shekarun casa'in, lokacin Hausawan garin ba mu cika mota ɗaya ba. A ofishin da ke yi mana lodin kaya akwai wani tsohon Bature, aikinsa duba ɗinki kafin a ɗaure dila. Yatsunsa duk a karkace, gaɓoɓin sun kumbura, ƙaramin ma ba ya lanƙwasuwa. Na ce kada ya ƙara taɓa mini kaya. Na gaya wa matan Maraɗi da muke sarin kaya tare, su kuma suka gaya wa kowa. Kafin sati, lawban, wato mai ofishin, ya sallame shi.

Wani Alhaji ɗan zangon Kumasi ne ya tare ni a bakin ƙofa.

"Hajiya, kin san abin da kika yi kuwa?"

Ya ciro hoto daga aljihun teburin tsohon. Saurayi ne cikin fararen kaya, tsugune bayan sanduna uku. Alhaji ya ce wasan kurket ne. Shekara goma sha bakwai tsohon ya yi yana buga wa gundumarsu a Ingila, shi ke cafe ƙwallo mai taurin dutse. Kowane yatsa ya karye, wani har sau uku, a ɗaure shi ya koma fili. Da rani wasa, da hunturu dakon gawayi. Ranar da gwiwarsa ta gaza, wasiƙar sallama suka aiko masa, layi huɗu.

Innalillahi! Na juya hoton. Sai da na kai shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma na iya haɗa baƙaƙen da ke bayansa, sunayen abokan wasansa ne, kusan duka an ja musu layi, alamar sun mutu.

"Can ko wasiƙa sun ba shi," in ji Alhaji. "Ke fa?"

Na faɗa wa lawban ya dawo da shi. Ya kaɗa hannu, wai "meyo", babu. Na ce to ni ma meyo, a sauke mini dilolina yanzu. Na bi matan Maraɗi ɗaki ɗaki, na ce ƙarya na yi, su zage ni. Biyu sun zaga.

Tsohon ya dawo ranar Litinin. Na miƙa masa riga hannu da hannu a gaban kowa. Ya bi ɗinkin da yatsun nan, ya nuna mini inda zare ya tsallake, bai ko dube ni ba.