Hamidu Tanda da Waƙar da Na Ƙi Saurare

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, ina zaune a rumfar da muke cika takardun kaya kusa da duwan, wato ofishin kwastan na iyaka, inda yanzu babu kayan balle takardun, sai Isufu direba ya tsayar da babur ya shaida mini cewa Mushe Hamidu Tanda, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya rasu da hantsi a likitar Dosso, babban asibiti. Hawan jini ne ya kayar da shi a cikin aji ranar Litinin, bai ƙara magana ba. Bakina ya ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Amma abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne wata shida ke nan rabona da yi maka magana, Hamidu, kuma ni ne na ɗauke ƙafa.

Mutanen Gaya sun san ka ta fuska biyu. Iyaye sun san malamin lakwal, makarantar boko, da ya shekara ashirin da biyu yana koyar da ƴaƴansu. Matasa kuwa sun san muryar da ke fitowa a rediyon gari kowace Asabar bayan la'asar, sa'a ɗaya cur ta waƙoƙin rap. Ni Yacuba na san ka tun kafin ka zama ko ɗaya daga ciki.

A 1997 muka haɗu a lise, babbar sakandare, lokacin ma soja ke mulki. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, masu tasowa daga Kotonu ne ke kawo mana kaset na rap, wasu da Faransanci, wasu da Turancin da ba ma ji. Kai ka fara cewa me zai hana mu yi namu da Hausa da Dendi, mu faɗi abin da ke damunmu: shekarun karatu da yajin aiki ke cinyewa, da yayyenmu da suka gama lakwal suka dawo zaman fada, majalisar shan shayi. Muka sa wa kanmu suna Muryar Gada. Mu biyu ne kawai, sai rediyo mai kaset biyu da bokitin ƙarfe da kake bugawa.

Ba zan manta da abin da ka yi da mahaifina, Alhaji Sa'idu, ba. Da ya ji mu, cewa ya yi wannan ba waƙa ba ce, surutun waɗanda suka zautu ne. Ya kulle rediyon a ɗakinsa, ya hana ka shiga gidan. Ni na yi fushi, na daina cin tuwon gida. Kai kuwa kowace Juma'a sai ka zo zaure ka durƙusa ka gaishe shi, ya amsa da ƙyar, ka tashi ka tafi. Wata uku kana haka. Ranan ka roƙe shi izinin karanta masa kalmomin a hankali, ba kiɗa. Ka karanta masa baitin manoman shinkafar Tanda da kogi ya cinye wa gona. Da ka gama, tsohon ya ce, «Maganar gaskiya ce. To me ya sa kuke gudu da ita kamar an biyo ku?» Da yamma ya aiko mana da rediyon.

Shekaru suka tafi. Na shiga aikin takardun kaya, ka shiga koyarwa, muka yi aure, muka haifa. Mu ƴan zamanin kaset muka riƙe fadarmu a bayan tashar mota, muna shan shayi muna jin waƙoƙin dā, muna yi wa na yanzu dariya. Yaran yanzu a waya suke haɗa kiɗa, na'ura ce ke lanƙwasa musu murya, rabin waƙar amshi ne. Mu a wurinmu duk wanda bai iya jera baiti sha shida ba tare da ya numfasa ba, bai shiga sahu ba. Kai kaɗai ne a cikinmu kake karɓar abin da suka aiko ka saurara daga farko har ƙarshe. Ka raba sa'arka ta rediyo biyu, rabi tsofaffi, rabi sababbi. Ba wanda ya gode maka. Tsofaffi suna kira su ce ka sayar da shirin ga yara. Yaran suna kira su ce, Tonton, wato Kawu, a cire mana waƙar kakanni. Kana dariya kana karanta saƙon kowa, amma na sha ganinka ka fito daga gidan rediyo ka tura babur kai kaɗai, ba wanda ke jiranka a ƙofa.

A 2019 ka shirya wasa a gidan matasa don ka haɗa mu a dandali ɗaya. Ka lallashe ni na hau. Ban gama baiti na farko ba yara suka fara ihu in sauka, wani ya ɗaga waya yana ɗaukata yana dariya. Na sauka. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma tun daga ranar duk waƙar da yaro ya yi, ihun nan nake ji a cikinta. Da bakina ina cewa ƙa'idar rap nake karewa. Ba ita nake karewa ba.

Sai aka yi juyin mulki bara, aka rufe gadar iyaka da ta haɗa mu da Malanbil a tsallaken kogi. Kamyo suka daina zuwa, tasha ta zama fili, masu cin abinci da iyaka muka koma kallon juna. A wannan zaman ne ƴata Kadi, wadda ke karatu a jami'a a Dosso, ta zo hutu, ta zauna kusa da ni da kunya ta ce ta yi waƙa, tana so ni ne zan fara ji. Ta kunna. Da na ji muryar nan da na'ura ta lanƙwasa, ban kai daƙiƙa ashirin ba na ce ta kashe. Na ce mata wannan ba rap ba ne, ta je ta koyi rubutu tukuna. Da a ce don tana mace na hana ta, da mutane da yawa sun ba ni gaskiya. Ba don haka ba ne. Ni na koya mata son wannan kiɗa tun tana goye. Ta ce to Baba, ta tashi.

Asabar da ta biyo baya, muna fada, sai muka ji ka sa waƙar a rediyo, har sau biyu, ka kuma ambaci sunanta da sunan ubanta. Abokai suka juyo suna kallona. Na tashi na tare ka a ƙofar gidan rediyon, na ce ka ci mutuncina a gaban gari. Ka tambaye ni ko na ji waƙar har ƙarshe. Na ce ba na bukata. Sai ka ce, a hankali kamar yadda kake magana da ɗalibai:

«Yacuba, Alhaji bai san rap ba, amma ya zauna ya ji. Kai ka sani, ka ƙi zama.»

Na ce maka daga yau kowa ya kama gabansa. Ban tsaya nan ba. Na koma fada na zuga su, har suka daina aika maka idan an ɗora shayi. Ka zo sau biyu, aka amsa sallamarka, ba wanda ya gyara maka wurin zama. Karo na biyu ka tsaya kaɗan, ka yi wa kowa sai an jima, ba ka sake dawowa ba. Mutum shekara ashirin da shida muna tare, na bar shi tsaye a bakin tabarma saboda waƙar minti uku.

Da azumi, lokacin da abubuwa suka yi mini tsanani, buhun shinkafa ya shigo gidana. Matata ta ce daga ƙanwarta ne a Karakara. Sai a wurin zaman makoki Ajuma, matarka, ta gaya mini daga gonarka ta Tanda ya fito, kai ka ɗauko shi a babur ka aje a gidan maƙwabta, ka roƙi kada a faɗa mini, don ka san zan mayar.

An kawo ka Gaya da yamma aka yi maka sutura. Ban taɓa ganin matasa da yawa haka a jana'izar malamin lakwal ba. Wasu daga Malanbil suka tsallako da jirgin ruwa, wasu daga Kamba. Waɗanda ke kiran rediyo suna yi maka ba'a su ne suka ɗauki makara, suka hana kowa karɓa har maƙabarta. A ƙofar gidanka kuwa aka shimfiɗa tabarmi wuri biyu, mu a gindin bango, su a ƙarƙashin bishiyar bedi. Ba wanda ya shirya haka. Kwana uku muna zaune muna kallon juna, ba wanda ya tsallaka, domin mai tsallakawar shi muka binne.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, na kira Kadi na ce ta kunna mini waƙar. Ta dube ni, ta aje wayar a kan tabarma, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Na ji ta har ƙarshe. A kan matan da ke tsallake kogi da kaya a ka take tun da aka rufe gada, da yadda suke ɗaure kuɗin jirgi a bakin zane, da wadda ta bar jariri a gaɓa wurin mai tuyar ƙosai. A baiti na biyu ta juya daga Hausa zuwa Dendi a tsakiyar jimla ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba, abin da ni da kai muka shekara biyu muna gwadawa bai yiwu ba. Har yanzu ba na son muryar na'urar nan, Hamidu, ba zan yi maka ƙarya ba ko a yau. Amma yarinyar ta iya. Na gaya mata. Ta ce Tonton Hamidu ya ce wata rana zan faɗa, ta yi haƙuri. Sai ta fita, don kada in ga fuskarta.

Babu wanda ya rage a Gaya da zan gaya wa abin da ke cikin baitin nan ya gane nauyinsa. Ƴan fada ba za su saurara ba, ni na koya musu. Yaran kuma ba su san mun taɓa gwadawa ba. Ina zuwa rumfa da safe, in zauna, in dubi hanyar gada har azahar, in koma gida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ajuma, da ƴaƴanka Fadima da Haruna, da mahaifiyarka Inna Ma'u a Tanda, da malaman lakwal ɗinku da ɗalibanka, da matasan da ka ba wa kunne lokacin da iyayensu suka hana su. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya wa abin da ya bari. Allah Ya jiƙan Hamidu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa haƙurin da ya yi da manya da yara ya tarar da shi a can. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi masa addu'a. Ni kuma ya roƙa mini gafara, domin wanda ya kamata in roƙa ya yi wata shida a bayan gidana da tafiyar minti biyar, ban je ba.