Sunaye Aka Jera, Maki Bai Motsa Ba: Ga Malam Abdulkabir

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Abdulkabir Sama'ilu, malamin lissafi a sakandaren garinmu da ke kan hanyar Bici zuwa Tsanyawa, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa arba'in da shida. An yi jana'izarsa a ƙofar gidansu bayan azahar.

Malam, ni ne Khalilu, ɗalibinka da ya gama digiri bara ya dawo yana koyarwa kafin a ɗauke shi aiki. Kai ka fara ɗora yatsuna a kan kibod, ka kashe hasken allon ka ce, "Idonka ne ke maka ƙarya, koyi da hannu tukuna." Tun kana yaro ƙyanda ta tafi da ganinka, amma duk fom ɗin jami'a da aka cike a unguwarmu a laftof ɗinka aka cike shi, kyauta, kana zaune a gindin darbejiya da iyafis a kunne. Manhajar da ke karanta maka abin da ke kan allo kana kiranta Baturiya, saboda yadda take murɗe sunayenmu. In ta zo kan Zaharaddini sai ka tsayar da ita ka ce, "Sannu, Baturiya, sha ruwa ki sake gwadawa."

Na so a ce wannan kawai zan rubuta. Amma bayan an idar da sallar gawa, liman ya roƙi duk wanda ka saɓa wa ya yafe maka, sai Malam Yuguda, jami'in jarrabawa na makarantarmu, ya ɗaga murya ya ce, "Ɓarnar da ya yi mana a sakamakon yara, mun yafe masa duniya da lahira." Mutane suka ce Allah ya saka da alheri. Da wannan yafiyar ya liƙa maka laifin a gaban gari, a lokacin da kake kwance cikin likkafani ba ka iya amsawa. Shi ya sa zan faɗi abin da na sani, da rana da lokaci.

Ranar Alhamis, 12 ga Disamba, laftof ɗinka ta ƙi tashi, ga makin ɗalibai 183 na aji biyar ana jira. Ka ɗauko filas ɗinka na kwamfuta mai ɗauke da manhajar karatun, muka shiga ofis, ka zauna a kan kwamfutar da ba ka taɓa taɓawa ba. Ina kusa da kai daga farko har ƙarshe. Maɓallan ba a inda ka saba suke ba. Ka shafa su ɗaya bayan ɗaya, kana dannawa kana sauraron sunan kowanne, minti ashirin kafin ka buɗe jadawalin. Ka rage saurin muryar, ka ce a gidan baƙo ba a gudu. Sannan ka bi jadawalin gida-gida: lamba, suna, maki, ka sauka layi na gaba. Da ka ji layi shida babu maki sai ka tambaye ni ko akwai abin da kunne ba ya kamawa. Na ce an shafa musu launin rawaya, alamar sun bar makaranta. Ka yi dariya ka ce, "Baturiya ba ta ganin kala, ni da ita duk ɗaya." Ka buɗe sabon layin tsaye ka rubuta hakan da kalmomi. Ka sa na karanto maka maki arba'in daga takardun jarrabawa, duk suka yi daidai. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in da bakwai ka adana aikin, kwafi ɗaya a kwamfutar, ɗaya a filas.

Da aka raba katin sakamako sai gari ya rikice. Tahira, wadda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba, ta tashi da 23 a lissafi, wani da ya yi wata biyu yana roron gyaɗa bai leƙo aji ba ya tashi da 91. Iyaye suka cika ƙofar ofis. A taron malamai Malam Yuguda ya ce, "Ai da ma na faɗa. Aikin ido a ba makaho, a kan injin da bai sani ba?" Ka ce a buɗe kwafin da ke filas ɗinka. Ya ce filas ɗin makafi ba a san inda ya shiga ba, kada ya sa wa kwamfutar ofis bairos. Wasu suka yi dariya. Aka ba ka takardar tuhuma, aka karɓe aikin haɗa sakamakon da ka riƙe shekara goma sha ɗaya. Ka juyo ɓangaren da nake zaune, ka jira. Ban ce komai ba, domin takardar neman aikina ta hannun Malam Yuguda za ta bi. Na ji tsoro, Malam, kuma ba ni da wani uzuri bayan wannan.

Ranar sadakar uku matarka, Malama Zuliha, ta aiko mini da filas ɗin a ƙulle cikin leda, ta ce ka bar saƙo a ba ni. Na buɗe shi, na kuma buɗe na ofis, na duba sau uku. Naka yana jere bisa lambar ɗalibi, kamar yadda ka saba, Tahira tana da 91. Na ofis an sake adana shi ranar Juma'a, 13 ga Disamba, ƙarfe tara da minti ashirin na safe. A lokacin kana cikin mota zuwa Kano wajen mai gyaran laftof, ni na raka ka tasha. Wanda ya zauna a kan kujerar ya so sunaye su bi haruffa daga A zuwa Z, sai ya zaɓi layin sunaye kaɗai ya jera. Sunaye suka tashi, maki ya tsaya inda yake. Makullin ofishin biyu ne, ɗaya yana hannun shugaban makaranta, shi kuwa yana Bici wajen taro tun Alhamis. Na biyun yana aljihun Malam Yuguda. Kuskure ne da kowa zai iya yi, da ya amsa shi da an gyara cikin minti biyar. Shi kuwa ya nemi wanda za a fi saurin yarda ya yi, ya ɗora masa.

Ba zan ce wannan ya kashe ka ba. Hawan jini likita ya rubuta, kuma ajali na Allah ne. Abin da na sani shi ne makonni huɗun ƙarshe na rayuwarka yara suna yi maka waƙar zambo a hanya, kuma ka daina zama a gindin darbejiya.

Malam Yuguda, na buga jadawalan biyu, shafi bakwai-bakwai. Ranar Asabar, 1 ga Fabrairu, a taron iyaye da malamai, zan karanta su layi-layi, ba zan tsallake ko ɗaya ba. Ka zo da amsarka. Takardar aikina tana hannunka, ka yi yadda ka ga dama da ita. Ina so ka tsaya a gaban mutanen da ka tsaya a gabansu ka janye yafiyarka, domin babu abin da ya yi maka. Kai ne mai buƙatar a yafe maka, wanda zai yafe ɗin kuma mun binne shi. Allah ya isa tsakaninka da shi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Abdulkabir, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi Aljanna Firdausi a madadin idanun da ya yi haƙurin rashinsu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Zuliha, da 'ya'yansa Jamil, Aina'u da Ummi, da mahaifiyarsa Inna Fadima. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya yafe mini shirun da na yi, ya riƙe mini muryata ranar Asabar.