Hoton ƙirjin Baba

Jiya ina gyara akwatin Inna na ci karo da wani tsohon ambulan. Ina buɗewa sai ga hoton ƙirjin Baba, wanda aka ɗauka a Minna shekarun tamanin, ina 'yar firamare.

Lokacin tari ya hana shi zuwa gonarsa a Paiko. Yayana Sani ya dage sai asibitin gwamnati, can manyan likitoci suke, ko da za a yi kwanaki ana bin layi. Baba ya ce:

"In sun ɗauki hoton, suna ba mutum abinsa?"

"A'a Baba, a fayil suke ajiyewa. Asibitin kuɗi ne ke ba ka ka taho da shi."

"To kai ni na kuɗin. Tunda nake ba a taɓa ɗaukata hoto ba. Wannan dai a bar wa uwarku."

Muka yi ta dariya, shi ma ya yi har tarin ya sarƙe shi. Bai ga damina ta gaba ba.

Na ɗaga hoton saitin taga, na daɗe ina kallo. Ba fuska, ba hular nan tasa, sai haƙarƙari da wani farin tabo a gefe. Amma nan nake kwantar da kaina in ya dawo daga gona.

Allah ya jiƙan Baba. Ku da kuke da hoton fuskar mahaifinku, ku gaya min, kallonsa yana rage kewar?