Ƙafar Da Na Ƙi Taɓawa

Har gobe ban manta da ranar awon da aminiyata Hajiya Kulu ta kira ni marowaciya a gaban mata ba. Lokacin kaka ne, ina ungozoma a ɗan asibitinmu na wajen Kekun Waje, a ƙasar Bungudu, ƙarƙashin malamar jinyar da ke shugabantar wurin.

Ni ban yi boko ba. Tausa wurin kakata na gaje ta, sannan aka kai mu Gusau aka gyara mana hannu, aka ba mu takardar shaida. Tsarin shi ne, sai malama ta auna jinin mace ta ce lafiya kafin ta zo tabarmata. Ta kwanta ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi, in shafa man kaɗanya in bi kafaɗu da ƙugu a hankali. Ba a danna ciki, ba a kwantar da ita rub da ciki. Ciwon baya ya lafa, barci ya samu. Wasu a nan suke fara minshari, sai na tashe su.

Ran nan Hajiya Kulu ta taso tun daga Kucheri ta Tsafe da surukarta Saratu, ciki wata bakwai. Ta tsallake layi, ta dire mini gwangwanin man zafi.

"Tasalla, ga ɗiyar nan. Ƙafa ta hana ta daka. Murje mini ita da ƙarfi irin na da."

Na ce yarinya ta ɗaga zane. Kumburin masu ciki na san shi, ƙafa biyu yake kamawa. Wannan kuwa ta hagu ce kaɗai, sha-raɓar ta yi tauri tana sheƙi, da ɗumi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na mayar da murfin gwangwanin.

"Ba ni taɓa ta."

"Mi? Tsufa ne ya sa ki rowar hannu, ko takardar Gusau ce ta hau miki kai?"

"Takardar da ban iya karantawa? Zauna, Kulu."

Mata suka yi dariya, ni ban yi ba. Na kira malama. Ta duba, ta rubuta takarda, ta ce Gusau yanzu yanzu, kuma kada wanda ya matsa ƙafar a mota. Hajiya ta fita tana cewa da ta sani da ta murza abinta a gida.

A can aka gano jini ne ya daskare a jijiya. Likita ya ce musu da an murza, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Aka ɗora Saratu kan allura, Allah ya sauke ta lafiya, ɗiya mace.

Bayan suna sai ga Kulu da goro, tana dafe da ƙugu.

"To sarkin rowa, ni dai ba ni da ciki. Ko ni ma Gusau za ki tura ni?"

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na ɗauka ran nan ke nan: mutanenmu sun yarda da hannu ƙwarai, har suna jin haushi in ka janye shi. Ku bar su su ji haushin. Ido ke fara aiki, hannu ya biyo.

Kulu kuwa na yi mata tausarta har ta yi gyangyaɗi. Amma sai da ta nuna mini ƙafafunta duka biyu.