Samanja Audu a Layin Likitan Ƙwaƙwalwa

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Samanja Audu ya shigo asibitinmu ba. Lokacin ina saje, ina aikin jinya a asibitin bariki a Minna. Duk Laraba likitan ƙwaƙwalwa kan zo ya duba kurata, wato sabbin sojojin da ke karɓar horo. Sai dai ba mai zuwa, domin duk wanda aka gani a bencinsa, sunansa mahaukaci.

Akwai wani kurtu, Ndagi, ɗan unguwar Fadikpe a Minna, iyayensa mutanen Bida. Ya rame, ya daina magana. A ƙa'ida, wanda aka ga haka a tare da shi ba a ba shi harsashi sai likita ya amince, wanda kuwa bai yi harbi ba ba a yaye shi. Na ce wa Ndagi ya zo ranar Laraba.

Ya ce, "Oga, gara a kore ni da a gan ni a bencin nan."

Na kai maganar ga Samanja Audu, mai kula da horonsu, mutumin da ko tari ya yi sai kurata su ƙame. Ya ce, "Na ji."

Ranar Laraba, bayan fareti, kurata na tsaye, sai Samanja ya ratsa su ya zo ya zauna a bencin, ya cire hula.

Na ce, "Yallaɓai, wa kake nema?"

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Likita. Tun da na dawo daga daji ba na barci. Sa ni a layi."

Na ɗauka dabara ce, ashe da gaske yake. Ya daɗe a ciki, ya fito da magani.

Ndagi bai zo ranar ba, sai mako na gaba, shi da wasu. Likita ya ce damuwa ce mai tsanani, ya ɗora shi a kan magani da zaman tattaunawa. Bai fita tare da 'yan ajinsa ba. Da rukunin baya aka yaye shi, kuma yana aiki har yanzu.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: da umarni za ka iya sa kurtu ya shiga wuta, amma ba zai ce maka yana ciwo ba sai ya ga na gaba da shi ya faɗa, kuma ba a yi dariya ba.