Farin Gishirin da Ke Fitowa a Bangon Ɗakina

Tun ina da cikin 'yata nake fargabar ranar da za ta fara rarrafe, don an ce ni ma na ci ƙasa ba kaɗan ba ina ƙarama. Shi ya sa da muka tare a Rurum Sabon Gari na matsa wa maigidana a shafe bangon ɗakinmu na laka da siminti. Magini ya shafe daga ƙasa zuwa saman gwiwa, ya bar sauran, aka bi duka da farar ƙasa.

Da damina ta kankama yarinya ta fara dafa bango tana miƙewa. Wata safiya na same ta tana lasarsa har da lumshe ido. Wani farin gari ne ya fito kamar dakakkiyar kanwa. Na dangwala na ɗanɗana, gishiri-gishiri da ɗan ɗaci. Abin da ya ɗaure min kai, babu shi a jikin simintin, babu shi a sama wajen laka, sai daidai inda suka haɗu, siriri kamar an ja da alli. Na goge da tsumma. Kwana uku ya dawo.

Surukata ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Uban nata ma bango ya lasa, ga shi nan ƙato yana jan adaidaita har Kano."

Ban yi mata musu ba, amma da ta fita na sa wuƙa na ɓamɓaro wajen. Farar ƙasar kamar ɓawon albasa. Bayanta siminti, a bushe ƙamas. Sai laka, da ɗan sanyi. Tsakanin simintin da lakar kuwa, da na zura yatsa a jiƙe ya fito.

Na sa aka kira maginin. Ya duba ya ce, "Amarya, ruwa ne yake hawowa daga ƙasa. Siminti ya hana shi fita, sai ya bi tsakaninsu ɗauke da gishirin ƙasa. In ya kai baki ya bushe, ya bar miki gishirin."

Na ce, "To Malam, me ya hana shi bi ta cikin lakar, ita da take da taushi?"

Ya yi dariya. "Ni gini na koya, ban taɓa bin ruwa na ga hanyarsa ba."

"Yana cutar da yaro?"

"Wannan kuma sai asibiti."

Da na kai yarinyar, malamar asibiti ta ce in hana ta lasa, sannan ta tambaye ni me ke bayan bangon. Turken shanun maƙwabtanmu Fulani ne. Tun daga nan nake tunanin ko fitsarin shanun ne ke bin wannan 'yar siririyar hanya har bakin 'yata. Na jera akwatuna a wajen, amma ta koyi zura kai ta tsakaninsu.

Don Allah, in akwai mai karatu da ya san wane irin gishiri ne wannan, ya faɗa min ko yana yi wa yaro illa, kuma ko fasa simintin zai sa ya daina fitowa.